Garin Gyaran Gira: Waƙar Ɗaki a Hannun Masu Mikisaj

Wata biyu da suka wuce wani abokinmu na fada ya zo mana da waƙa guda a salula, amma kala biyu. Ta farko ita ce wadda ya ɗauka da kansa a ɗakin da suke haya su uku, nan Maraɗi. Ta biyu ita ce dai waccan, bayan ta kwana huɗu a hannun wani mai sutudiyo an yi mata mikisaj, wato an haɗa murya da kiɗa an daidaita su. Jika goma sha biyar ya biya daga cikin burs ɗinsa, kuma duk wanda ya taɓa jiran burs ya san nauyin jika goma sha biyar. Niyyarsa ya kai ta gidan rediyo. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi na mai sutudiyon ba. Na farko abokina ne, na biyu kuwa ba shi kaɗai ke aiki haka ba, daga nan har Damagaram da Yamai hannun ɗaya ne.

Muka sa su a ɗan lasifika ana dafa shayi na biyu. Fada duka ta ce ta sutudiyo ta fi. Wani ya ce ta yi tsaf, wani ya ce sai ka rantse daga Kano ta fito. Ni ma na gyaɗa kai. Sai dattijon da muke zama a ƙofar gidansa, tela ne, ya ɗago daga kan kekensa ya ce: "Ɗana, muryarka ce wagga? To mi kake cewa?" Aka sake sa mishi ta farko, mai ƙugin fanka da kukan akuyar maƙwabta. Ya ji kowace kalma, har ya yi dariya daidai wurin da mai waƙar ya so a yi dariya.

Tun ranar abin yake cina. Na karɓi duka biyun na yi ta saurare, a kas, a salula, a rediyon wani mai shago. Ni ba injiniya ba ne. Shekara uku ke nan nake taɓa Audacity da FL Studio a tsohuwar ordinater, kuma na ɓata waƙoƙi da hannuna fiye da waɗanda na gyara. Da wannan ɗan sanin nake magana, kuma hukuncina shi ne: ta ɗaki sautinta ya fi muni, amma ita ce waƙa. Ta sutudiyo an wanke ta har an wanke mai waƙar.

Kada a ɗauka ina yabon ta ɗaki. Laifuffukanta sun kai a lissafa. Ɗakin siminti ne, mita 3 da 4, rufin kwano, bango tsirara. Sauti yana gudun kusan mita 340 a daƙiƙa, saboda haka a irin wanga ɗaki murya takan bugi bango ta dawo cikin mikro kafin kashi 2 cikin 100 na daƙiƙa. Kunne ba ya jin wannan a matsayin amsa-kuwwa daban, yana jinsa ne a jikin muryar, kamar mutum ya sa kai cikin randa yana magana. Mikron kuma irin mai arhar nan ne da ake kira BM-800, mai kwasar kome, kuma abokinmu ya tsaya nesa da shi wajen rabin mita don haka yake gani a kilip. Da ya matso zuwa taƙi ɗaya, da muryarsa ta rinjayi ɗakin, don duk lokacin da ka rage tazara da rabi, murya takan ƙaru da kusan desibel 6 a kan abin da ke kewaye. Ga fanka tana juyi, don watan Afrilu ne, ba mai iya rufe ƙofa ya kashe fanka ya yi minti goma. Ga gurnanin kuran: wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, in ordinater na jone da caji kuma gidan ba shi da wayar ƙasa, wannan gurnani na 50 Hz yakan shiga layi tare da ƴaƴansa na 100 da 150. A amshi kuma ya ɗaga murya har alama ta shiga ja. Daga ƙarshe, don tsimin mega, ya mayar da muryar MP3 kafin ya aika. Murya ɗaya ta minti 4 a WAV ta kai mega 20, a MP3 na 128 kuwa mega 4 ce, amma ragin ba kyauta ba ne, kusan duk abin da ya haura 16,000 Hz zubar da shi ake yi.

Wannan shi ne kayan da aka ajiye gaban mai mikisaj. Tambayar ita ce me ya kamata ya yi da shi.

Akwai abin da ke gyaruwa cikin sauƙi. Gurnanin kuran yana zaune wuri ɗaya ba ya motsi, kuma muryar namiji ba ta da wani abin kirki ƙasa da 80 Hz, saboda haka in ka yanke abin da ke ƙasa da nan, ka ɗan tsaga siririn rami a 100 da 150, ka rabu da shi ba ka taɓa mai waƙa sosai ba. Ƙugin fanka ma tsayayye ne. Ana nuna ma na'ura wani wuri da ba a waƙa, ta koyi kalar ƙugin, sannan ta rage shi. Kalmar ita ce ragewa. Desibel 6 zuwa 10 ya isa, sauran kiɗa zai rufe. Randar ɗaki takan taru tsakanin 200 da 500 Hz, ana iya sassauta ta da desibel 2 ko 3, ta ragu, ba ta tafi ba. Iyakarta ke nan.

Akwai kuma wanda ba ya gyaruwa. In alama ta shiga ja a ordinater, wato sauti ya kai sifili na ma'auni, to na'ura ba ta da inda za ta rubuta abin da ya wuce nan, sai ta aske kan sautin. Abin da aka aske bai shiga ba ko kaɗan. Akwai manhajoji irin su iZotope RX da ke zana kan da aka aske, kuma in askin ɗan kaɗan ne suna yin abin mamaki, amma zato suke yi. In amshi gaba ɗaya ya fashe, kamar tuwo ne da ya kama: ko ka juye shi a sabon kwano, ka zuba man shanu, ƙauri yana nan. Haka ɗaki. Muryar da ta riga ta cakuɗe da bangonta ba a raba su tsaf, duk abin da ya cire bango sai ya tafi da wani yanki na muryar.

To mai sutudiyonmu bai rarrabe waɗannan biyun ba. Duk ya ɗauke su abu ɗaya, datti, ya sa ƙarfi. Ya murɗa mai cire ƙugi har ƙarshe, shi ya sa muryar take wani ɓulɓul kamar daga ƙarƙashin ruwa, ƙarshen kowace kalma yana ƙyalƙyali irin na ƙarfe. Ya sa ƙofar da ke rufe sauti duk lokacin da murya ta yi ƙasa, sai numfashin mai waƙa ya ɓace, wasulan ƙarshe suka gutsure. Sannan ya matse muryar da kwamfuresa sosai. Aikin kwamfuresa shi ne ta danne wurin da ya yi ƙarfi don a samu ɗaga duka, kuma in ka ɗaga duka, ka ɗaga har da ɗakin da kake gudu. Da ya ji randa ta dawo, maimakon ya koma baya, sai ya zuba doguwar amsa-kuwwa a sama don ta ɓoye ta. Wannan fesa turare ne a kan rigar da ba a wanke ba. Daga ƙarshe Auto-Tune, a saurinsa na ƙoli, daga baitin farko har na ƙarshe. Kowane mataki maganin ciwon da matakin baya ya jawo ne. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa na kawo maganar cikin wannan ɗan littafi namu na masu rubutu, shi ne abin da aka yi ma Hausar da ke cikin waƙar.

Mu da muke fama da madaba'a da masu buga takarda kan ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ mun san abin da ke faruwa in ƙugiya ta faɗi: ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki. To a sauti ma ƙugiya tana faɗuwa. Ka furta ƙ a hankali ka ji. Maƙogwaro yakan rufe, iska ta matsu, sai ta fashe da ɗan ƙaras mai kaifi, gajere ƙwarai. Haka ts. Wannan ɗan ƙaras shi ne duk bambancin. Na'urar da aka ƙera don ta farauci ƙaras-ƙaras na leɓe da na waya ba ta san Hausa ba, in aka tsananta ta sai ta ɗauke shi datti ta goge. Mai rage kaifin s, wanda ke aiki wajen 5,000 zuwa 8,000 Hz, in ya yi yawa sai tsari ya koma wani abu tsakanin sari da tari. Su ɓ da ɗ kuwa nauyinsu a ƙasa yake, a ɗan gunjin maƙogwaro, kuma mai yanke ƙasa da gatari yakan rage musu jiki. A waƙar abokinmu akwai wurin da yake rantse ma yarinya cewa shi ba ya ƙarya. A ta ɗaki kalmar ta fito da ƙugiyarta. A ta sutudiyo na mayar da wurin sau goma, abin da nake ji karya ne. Ku da kanku kun san abin da karya take nufi, kuma kun san ba kalmar da saurayi zai so ta shiga waƙar da ya yi ma budurwa ba ce.

Sai karin sauti. Hausa harshe ne mai hawa da sauka: akwai sama, akwai ƙasa, akwai mai faɗowa. Kai da nake nuna ka da shi, da kai da ke bisa wuya, rubutunsu ɗaya, amma na biyu faɗowa yake yi. Gaskiya ne waƙa ba ta bin karin magana sau da ƙafa, mawaƙi yakan tanƙwara shi don launin waƙa. Amma mawaƙin Hausa na kirki yakan bar alama, ɗan zamewa daga sama zuwa ƙasa a cikin gaɓa ɗaya, wadda kunnen Bahaushe ke kamawa ba tare da ya san ya kama ba. Auto-Tune a saurin ƙoli maƙiyin zamewa ne. Aikinsa ya fizgi murya ya dasa ta a kan matakala mafi kusa, saboda haka gangara takan koma tsalle, ko ta miƙe sam. Ƙara da wannan, matakalar da aka ba shi ta piyano ce, alhali abokinmu ya tashi ne da jin goge da gurumi, muryarsa tana sauka a wuraren da ke tsakanin maɓallan piyano. Na'ura ta ɗauki wannan kuskure ta gyara mishi. Sai tsawon wasali, wanda shi ne ƙashin bayan karin waƙar Hausa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Doguwar amsa-kuwwa takan ja gajeren wasali ya yi tsawo, ƙofar rufe sauti kuma ta datse dogo ya gajarce. In ka tara waɗannan duka, ka gane dalilin da dattijo tela ya tambayi mi ake cewa. Kunnensa lafiya lau yake. Mu ne muka saba da jin waƙa ba tare da jin magana ba.

Akwai ɗan gurumi a farkon waƙar, wani ɗan uwan abokinmu ya kaɗa. A ƙarshen wuyan gurumin ya ɗaura ɗan ƙarfe mai zobba, wanda ke zuga duk lokacin da aka taɓa tsirkiya. A ta sutudiyo zugar ta tafi, gurumi ya koma kamar gitar roba ta yara. Mai mikisaj ya ji zuga ya ce datti ce. Amma da gangan aka ɗaura ƙarfen. Makaɗanmu sun daɗe suna neman wannan zuga, a garaya, a fatar ganga da ake gitta ma tsirkiya. Kuntigin Ɗan Maraya Jos gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa cewa a kai shi wanki. Duk mai mikisaj a ƙasar Hausa ya kamata ya iya bambanta ƙarar da ta shigo da kanta da ƙarar da aka gayyato.

Bari in faɗi nawa laifin, don kada a ce ina jifa daga bayan katanga. Shekarar da na fara koyon Audacity na ɗauki kakata a salula tana waƙar niƙa, a ƙauye, da iska da kaji da ƙarar dutse. Na dawo gari ina ɗoki, na sa mai cire ƙugi sau uku a jere har shiru ya yi shiru, na ajiye a kan fayil ɗin asali, na goge na salula don wuri ya cika. Ƙarar dutsen niƙa, wadda ita ce kiɗan waƙar, ta tafi tare da iskar. Muryar tsohuwa ta koma kamar ta aljani a rijiya. Ta rasu bara. Abin da ya rage mini ke nan, kuma ba na iya sa ma mahaifiyata shi. Tun daga nan ba na taɓa fayil sai na kwafe shi wuri biyu.

Wani zai ce to kai maƙiyin Auto-Tune ne, irin masu cewa kome na da ya fi. A'a. Wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, wanda ya yi aikin binciken man fetur da sauti, shi ya fito da na'urar a 1997 don a gyara ɗan kuskure a ɓoye. A 1998 waƙar Cher mai suna Believe ta murɗa ta har ƙarshe da gangan, duniya ta ji sabon abu. Sutudiyoyin Kano suka ɗauka suka mai da shi nasu, har ya zama launin waƙoƙin fim da muka tashi da su, kuma mawaƙan can da suka ƙware sun koyi rera waƙa don na'urar, suna buɗe baki, suna ba kowace gaɓa haƙƙinta, shi ya sa kana jin kalmominsu ko a lasifikan ɗan kabu-kabu. Ɗan ƙasarmu Mdou Moctar, na jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da Auto-Tune da gangar na'ura irin ta masu waƙar fim. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula har suka tsallaka Mali, ɗaya daga ciki ta shiga faifan Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011, daga nan duniya ta san shi. Can an zaɓi na'urar ne, an gina waƙar a kanta tun daga tushe. A waƙar abokinmu an jawo ta ne daga baya a matsayin bargo, don a rufe abin da aka kasa gyarawa. Kunne yana gane bambancin ko mai shi bai san sunan na'urar ba.

Haka kuma ba na cikin masu cewa a bar kome da ƙurarsa. Na san misalan da ake kawowa. Mamman Sani ya shiga sutudiyon rediyon ƙasa a Yamai a 1978 da organ ɗinsa, aka yi kaset, kuma da aka sake fitar da shi a 2013 har da shuuu ɗin kaset mutane suka so. Kundin farko na Les Filles de Illighadad, na 2016, a fili aka ɗauke shi. A 2020 Sahel Sounds ɗin nan ta yi ta fitar da waƙoƙin da aka ɗauka da salula aka aika ta WhatsApp, ta fara da Etran de L'Aïr na Agadas. Duk gaskiya ne, kuma suna da daɗi. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, fili ba shi da bango, saboda haka wanda ya ɗauka a waje ya tsere ma babbar matsalar ɗakin siminti, kuma waɗannan mutane ne da suka shekara suna kiɗa a gidajen biki kafin a danna maɓalli. Na biyu, ina ɗan jin wani iri in Bature ya ce ƙurarmu ce ke burge shi. Shi yana da zaɓi, mu ba mu da shi. Yaron da ya ɗauki waƙa da fanka a kunne ba salo yake yi ba, zafi ne ya dame shi. Yana da haƙƙin ya so sautinsa ya fita fes kamar na kowa a duniya. Abin da nake ƙi shi ne a sayar mishi da fes na ƙarya.

Mun koma wurin mai sutudiyon, ni da abokina. Na yi zaton zai yi faɗa, bai yi ba. Ya girme mu da kamar shekara goma, ya ba mu kujera, ya buɗe aikin ya nuna mana, kuma duk abin da kunnena ya zata yana nan jere. Na ce: "Yaya, da ka ji amshin ya fashe, mi ya hana ka ce mishi ya sake?" Ya yi murmushi ya ce: "Ƙanena, in na ce ma kowa ya koma ya sake, wa zai biya man gurup? Wanda na kora, gobe yana wurin wani, kuma cewa zai yi ban iya ba." Ya ce tun lokacin da Najeriya ta yanke layin wuta a watan Agusta na 2023 ya koyi yin waƙa uku a zama ɗaya kafin mai ya ƙare, kuma hannun bai koma yadda yake ba. Ya ce yawancin masu zuwa da kansu suke cewa a sa musu "abin nan na Kano", in bai sa ba sai su ce bai yi aiki ba. Jerin na'urorin da yake ɗorawa kuwa, a bidiyon intanet ya samo shi, an shirya shi don muryar wani mai rap na Amurka da aka ɗauka a ɗaki mai kyau. Shi yake ɗora ma kowa, mace da namiji, mai rap da mai bege.

Na fahimce shi, amma ban sallame shi ba. Tela in ka kawo mishi yadi mita biyu ka ce babbar riga kake so, zai gaya maka ba ta fita, ko da zai rasa cinikin. Wanda ya karɓa ya ɗinka maka abin da ba ya sawuwa ya ci kuɗinka ne kawai. Kalma mafi amfani da mai mikisaj zai iya faɗi ita ce "koma ka sake", kuma minti biyar na sauraro sun isa ya san ko za a faɗe ta. In yana tsoron rasa mai kaya, ya haɗa da bayani: matso kusa, cire caji, kar alama ta wuce desibel 10 ƙasa da sifili, bar mini daƙiƙa 20 na shirun ɗakin a farko, aiko da WAV a matsayin takarda ko ka kawo a kile. Wannan bayani bai cin man gurup. Kuma ko ya ƙi duk wannan, abu ɗaya ba shi da uzuri a kai: shi Bahaushe ne, ya ji ƙarya ta koma karya a kas ɗinsa kafin kowa, ya bari ta fita.

Mu ma masu kai waƙa muna da namu. Mun ɗauki mikisaj kamar wankin hoto, a ɗauka yadda aka ga dama, na'ura za ta gyara. Muna manna kwalin ƙwai a bango muna cewa mun yi sutudiyo, alhali kwalin ƙwai siriri ne, ba ya hana ƙarar waje shiga, kuma ɗan abin da yake sha na sama ne kawai, randar tana nan. Katifa da bargo sun fi shi nesa ba kusa ba.

Abin da muka yi daga baya ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai ɗakin laka a gidan kakannin wani ɗan fadarmu, cikin tsohuwar unguwa, bango mai kauri marar santsi, rufin azara, cike da kaya: gado, buhunan hatsi, tabarmi a naɗe. Ka tafa hannu a ciki, tafin ya mutu nan take. Muka je bayan sallar isha'i muka jira gari ya yi shiru. Wajen ƙarfe ɗaya kuran ya tafi, abin da kullum muke zagi, ranar kuwa muka yi murna, don firigon maƙwabta da fankoki duk sun yi tsit. Ordinater na kan batir. Muka jingina katifa a bayan mai waƙa, muka rataya bargo a gefe, muka sa safa a kan wayar rataye tufafi a gaban mikro don iskar f da b. Mikron nan dai na da, BM-800. Ya rera sau biyar, zufa har cikin ido, muna buɗe ƙofa tsakanin kowane ɗauka ya sha iska. Na huɗu muka riƙe, sai baiti na biyu da muka ɗauko daga na uku.

Mikisaj ɗin bai kai awa biyu ba, kuma ni da ban iya ba na yi shi. Na yanke ƙasa da 80, na sassauta kaɗan wajen 300, kwamfuresa mai sauƙi, amsa-kuwwa gajera wadda sai ka kashe ta za ka san tana nan. Wuri uku muryarsa ta kauce da gaske, su kaɗai na gyara da hannu. Na saurara a salula kafin in ce na gama, tunda a nan kusan kowa zai ji ta, kuma ƙaramin lasifikan salula ba ya fitar da ƙasa, in kalmomi ba su tsaya da kansu a tsakiya ba to sun tafi. Kiɗan har yanzu MP3 ne da aka sauko da shi, saman sa a toshe, ba abin da na iya yi mishi. Ba ta kai ta sutudiyo ƙarfi ba, in aka sa su a jere tamu ta fi sanyi. Kuma a ƙarshen baiti na uku, can nesa, wani jaki ya yi kuka, daidai kan wasalin ƙarshe, inda ba a cire shi sai da wasalin.

Kan jakin nan fada ta rabu biyu har yau. Dattijo tela ya ji sabuwar ya ce yanzu ya san ɗan wa ke waƙa. Gidan rediyo tamu abokinmu ya kai, an sa ta sau biyu a shirin dare. Amma da na duba WhatsApp ɗinsa shekaranjiya, ta sutudiyo ce ya ɗora, mai karya da duka. Na tambaye shi dalili. Ya ce ita yarinyar ta fi so, kuma jika goma sha biyar ya biya.